Karan Da Ya Raba Duniyar Kwamfuta: Tarihin Adireshin Fayil

Kowane fayil da ke cikin kwamfuta yana da adireshi, kamar yadda gida yake da unguwa da layi da lamba. A kwamfutar Windows adireshin yakan zo da wannan siffa: C:\Aiki\Rahoto.docx. A kwamfutar Linux ko Mac kuwa sai a ga /home/aiki/rahoto.docx ko makamancin haka. Kara ɗaya ya karkata baya, ɗaya ya karkata gaba. Mai amfani da kwamfuta zai iya yin shekara ashirin bai lura da wannan bambanci ba, amma maginin manhajar da ke son aikinsa ya gudana a kan kowace irin na'ura ya san cewa ƙarƙashin wannan ɗan kara akwai rigimar da ta haura shekara arba'in. Ta jawo asarar bayanan mutane, ta buɗe wa masu kutse ƙofa, kuma tana cikin dalilan da suka sa ƙ da ɗ da ɓ suke rikiɗewa idan fayil ya yi tafiya daga wata na'ura zuwa wata. Kowane ɓangare na rigimar yana da ranar da aka yanke shawarar da ta haife shi, kuma kusan duk waɗanda suka yanke shawarwarin suna da hujja mai ma'ana a zamaninsu.

Bishiyar da aka dasa a Multics

Kwamfutocin farko ba su san folda ba. Fayiloli suna zube ne wuri guda, kowanne da sunansa, kamar takardu a kan tabarma. A 1965, a wani babban taron masana kwamfuta na Amurka, Robert Daley da Peter Neumann suka gabatar da tsarin ajiya na babbar manhajar Multics, wadda jami'ar MIT da kamfanin General Electric da cibiyar binciken Bell suke ginawa tare. Tsarin nasu bishiya ce: folda na iya ɗaukar wata folda, ita ma ta ɗauki wata, har iya zurfin da ake so. Don rubuta hanyar da za a bi daga saiwa zuwa reshe, daga baya maginan Multics suka zaɓi alamar > ta raba tsakanin sunaye.

Cibiyar Bell ta janye daga aikin Multics a 1969. Biyu daga cikin ma'aikatanta, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka kama gina wata ƙaramar babbar manhaja da aka raɗa wa Unix. Sun ɗauki bishiyar, sun canza alamar zuwa /, sannan suka ƙara wata aƙida ta sauƙaƙawa. Saiwa ɗaya ce tak, duk wani faifai da aka ƙara ana ɗaura shi ne a wani reshe na wannan bishiya. Sunan fayil jerin bayit ne kawai, babbar manhaja ba ta damu da ma'anarsa ba. Abu biyu rak ta haramta a cikin suna: shi kansa karan /, da bayit ɗin sifiri da ke nuna ƙarshen rubutu a yaren C. Tunda babban baƙi da ƙaramin baƙi lambobinsu sun bambanta, Rahoto da rahoto fayiloli biyu ne. A ƙarshen shekarun 1970 suna bai wuce baƙi 14 ba, sai a 1983 reshen Unix na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya faɗaɗa shi zuwa 255.

Yadda kara ya juya baya

A wani ɓangaren kuma ƙananan kwamfutoci suna tasowa da nasu tarihin. A 1974 Gary Kildall ya rubuta CP/M, babbar manhajar da ta mamaye ƙananan na'urori na wancan zamani. Abin ajiyarsu lallausan faifai ne mai ɗan ƙaramin ciki, don haka babu buƙatar folda. Kowace ma'ajiyar faifai aka ba ta baƙi ɗaya, A: da B:. Suna kuma aka ƙayyade shi, baƙi takwas, sai ɗigo, sai baƙi uku masu nuna nau'in fayil, duk da manyan baƙaƙe.

A 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta wata babbar manhaja da ta kwaikwayi yadda CP/M take hulɗa da sauran manhajoji. Microsoft ta saye ta, ta zama DOS ɗin da ya fito tare da kwamfutar IBM PC a watan Agustan 1981. Faifan wannan na'ura yana ɗaukar kilobayit 160 ne, kuma bai wuce fayil 64 ba. Tunda babu folda, karan / ba shi da aiki a adireshi, sai aka ba shi wani aikin: nuna zaɓi a cikin umarni, kamar a rubuta FORMAT B: /S. Al'ada ce da aka gado daga na'urorin kamfanin DEC, waɗanda yawancin maginan wancan lokaci suka yi koyo a kansu.

A watan Maris na 1983 IBM ta fitar da PC/XT mai babban faifai na megabayit 10, wato ninkin tsohon faifai sama da sittin. Zuba fayiloli wuri guda ba zai yiwu ba kuma, dole a kawo folda. Injiniyoyin Microsoft sun san Unix ciki da bai, domin kamfanin yana sayar da nasa nau'in mai suna Xenix, kuma daga can suka ɗauko tsarin bishiya suka sa a DOS 2.0. Amma karan / ya riga ya sami aiki, kuma canza shi zai rikita umarnin da mutane suka saba da su shekara biyu. Sai aka ɗauki ɗan'uwansa mai karkata baya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a can cikin cikinta DOS tana karɓar karan biyu duka tun daga wannan rana, haka ma Windows har yau a yawancin wurare. Mai fassara umarnin da ake bugawa ne ya ƙi. Ita kuwa C: da kowa ya sani, ta zama sunan babban faifai ne domin A: da B: na lallausan faifai ne, kuma ta riƙe sunan bayan su sun ɓace daga kasuwa.

Zaɓin \ ya zo da wata masifa da ba a hango ba. A yaren C, da duk yarukan da suka gaje shi, wannan alama ce ke nuna cewa baƙin da ke biye yana da ma'ana ta musamman: \n sabon layi ne, \t tazara ce. Wanda ya rubuta "C:\new\table" a cikin manhajarsa ya rubuta wani abu ne dabam da abin da idonsa yake gani, domin na'ura za ta karanta sabon layi da tazara a tsakiyar adireshin. A Japan kuma lambar da ke wakiltar \ an ba wa alamar kuɗin yen, a Koriya ta Kudu an ba wa alamar won, shi ya sa har yau adireshin fayil a kwamfutocin Windows na can yake fitowa da alamar kuɗi a tsakanin sunaye.

Kowane tsuntsu kukan gidansu

Ba waɗannan biyu ne kaɗai a fage ba. Macintosh ta Apple, wadda ta fito a 1984, ta zaɓi ɗigo biyu, wato :, ya zama mai raba sunaye. Tunda masu amfani da ita da linzami suke nuna fayil, ba sa buga adireshi, sai aka sake musu su sa tazara da / da duk abin da suka ga dama a suna. Tsarin HFS na 1985 ya ba da baƙi 31, yana tuna yadda aka rubuta babba da ƙarami amma ba ya bambanta su wajen nema. Fayil ɗin Mac kuma ciki biyu gare shi, ɗaya na bayanai, ɗaya na kayan aiki irin su hotunan alama da jerin zaɓi. Idan aka kwafe shi zuwa wata na'ura, sau da yawa ciki na biyu yakan zube a hanya.

Babbar manhajar VMS ta kamfanin DEC, ta ƙarshen shekarun 1970, ta fi kowa yawan bayani. Adireshinta yana da sunan na'ura, da jerin foldoji a cikin baka mai kusurwa, da suna, da nau'i, sannan da lambar bugu, domin duk lokacin da aka adana fayil tsohon yana nan da lambarsa. Dave Cutler, wanda ya jagoranci gina ta, ya koma Microsoft a 1988 ya jagoranci Windows NT da ta fito a 1993. NT ta zo da tsarin ajiya na NTFS mai dogayen sunaye, amma an ɗora mata nauyin gudanar da duk tsofaffin manhajojin DOS, don haka ta gaji baƙaƙen faifai da karan baya da sauran kayan gado. Windows 95 ta kawo dogayen sunaye ga gama-garin mutane ta hanyar dabara: kowane fayil yana da suna biyu, dogo na gani da gajere irin PROGRA~1 na tsofaffin manhajoji. An kuma ƙayyade tsawon cikakken adireshi zuwa baƙi 260, iyakar da sai a 2016 Windows 10 ta ba da damar ɗage ta, shi ma ga manhajar da ta nemi hakan.

Saɓanin ya shiga har cikin fayil ɗin kansa. Na'urar buga saƙon waya ta shekarun 1960 tana buƙatar umarni biyu a ƙarshen kowane layi, kamar tafireta: ɗaya ya mayar da kan bugu farkon layi, ɗaya ya mirgina takarda sama. Rabuwarsu biyu ta kan ba kan bugun lokacin isa. Multics da Unix suka riƙe na biyun kaɗai, CP/M da DOS da Windows suka riƙe duka biyu, tsohuwar Mac ta riƙe na farko. Shi ya sa yaren C yake da hanya biyu ta buɗe fayil, ta rubutu da ta ɗanyen bayit. A Unix babu bambanci tsakaninsu, don haka maginin da ya manta ya zaɓi ta biyu ba zai ga matsala ba, sai ranar da aka kai manhajarsa Windows ta riƙa lalata hotuna ta hanyar cusa musu ƙarin bayit. Manhajar Notepad ba ta iya nuna layukan fayil ɗin Unix daidai ba sai a 2018.

Yunƙurin sulhu

Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni da gwamnatoci sun gaji da sake rubuta manhaja duk lokacin da suka canza na'ura. Hanyoyi uku aka gwada.

Ta farko ita ce kauce wa batun. Ƙa'idar yaren C ta 1989 ta tanadi yadda za a buɗe fayil, a karanta, a goge, a canza masa suna, amma ba ta ce uffan a kan folda ba, domin akwai na'urorin da ba su da ita. Wanda ke son ya jera abin da ke cikin folda dole ya fita daga ƙa'ida ya yi magana da kowace babbar manhaja da harshenta. Yaren C++ ya gaji wannan giɓi ya zauna da shi kusan shekara talatin.

Ta biyu ita ce komawa ga abin da kowa ya yarda da shi. Ƙa'idar POSIX ta 1988, wadda Richard Stallman ya ba da shawarar sunanta, ta haɗa kan ire-iren Unix, ta kuma fayyace baƙaƙen da suke da aminci a suna: A zuwa Z manya da ƙanana, 0 zuwa 9, ɗigo, karan ƙasa da karan ɗori, kuma kada suna ya wuce baƙi 14 in ana son cikakken tabbaci. Gwamnatin Amurka ta sa POSIX cikin sharuɗɗan sayen kwamfutocinta, abin da ya sa Windows NT ta zo da wani sashe na POSIX da kusan babu mai amfani da shi. A wannan shekara ta 1988 ƙa'idar faifan CD, ISO 9660, ta bi irin wannan hanya: a matakinta na farko manyan baƙaƙe kaɗai, takwas da uku, foldoji kada su wuce hawa takwas. Ƙuncin ya yi yawa, sai mutanen Unix suka ƙara nasu gyaran mai suna Rock Ridge, Microsoft ta ƙara nata mai suna Joliet, aka koma gidan jiya a kan faifai ɗaya.

Ta uku ita ce ta fi hangen nesa. Yaren Common Lisp, tun a 1984, ya ƙi ɗaukar adireshi a matsayin jerin baƙaƙe. Ya mayar da shi abu mai gaɓoɓi shida: na'ura mai masauki, faifai, folda, suna, nau'i da lambar bugu. Maginin manhaja yana aiki da gaɓoɓin, yaren kuma ya ɗinka su yadda kowace babbar manhaja take so. Tsarin ya yi nauyi, an sha kuka da shi, amma tunanin da ke bayansa shi ne ya yi nasara daga baya.

Abin da saɓanin ya ci

A 2001 Apple ta fitar da Mac OS X, wadda cikinta Unix ne, fuskarta Mac. Al'adu biyu suka haɗu a na'ura ɗaya: masu amfani da suka saba sa tazara a sunan faifansu, da kayan aikin Unix masu ɗaukar tazara a matsayin iyaka tsakanin kalmomin umarni. A watan Nuwamba na wannan shekara manhajar girka iTunes 2 ta fito da wani layi da aka rubuta don ya goge tsohuwar iTunes. Ba a kewaye adireshin da alamar zance ba. A wasu na'urori masu faifai da ke da tazara a suna, umarnin ya tsinke gida biyu, rabin farko ya nuna faifai sukutum, aka share shi. Apple ta janye manhajar nan da nan, amma waɗanda abin ya faɗa wa sun riga sun rasa bayanansu.

Windows kuma tana ɗauke da wani gado tun na zamanin da babu folda. Sunayen CON da PRN da AUX da NUL, da COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9, sunayen na'urori ne irin su allo da firinta. Tunda a lokacin wuri ɗaya ne ake da shi, sun zama haramtattu a ko'ina, kuma da folda ta zo haramcin ya bi ta. A Windows 95 da 98, duk abin da ya sa kwamfuta ta nemi C:\con\con yakan durƙusar da ita, har shafin intanet ma na iya yin hakan, sai a shekarar 2000 aka toshe. A 2017 wani ya ɗora ƙunshin manhaja mai suna nul a rumbun yaren Rust. Jerin sunayen rumbun yana da fayil guda ga kowane ƙunshi, sai kwamfutocin Windows suka kasa sauke jerin, aiki ya tsaya wa masu amfani da su har aka cire shi.

Batun babba da ƙaramin baƙi ya fi haɗari. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 a kan Linux, tana ajiye umarninta a wata folda mai suna .git, kuma tana hana duk wani abin da aka sauko da shi daga waje ya taɓa wannan folda. A watan Disambar 2014 aka sanar da cewa mugu zai iya raɗa wa tasa foldar .Git da babban baƙi. Binciken Git zai ga suna dabam ya bar ta ta wuce, tsarin ajiyar Windows ko Mac kuma zai ga suna ɗaya ya zuba kayan mugun a kan na gaskiya, daga nan ya sami ikon gudanar da umarninsa a kwamfutar wanda ya sauke. Babu kuskure ko ɗaya a rubutun idan aka auna shi da dokar Linux. Zaton cewa ko'ina Linux ne ya buɗe ƙofar.

Inda ƙ da ɗ suka shigo

Duk waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan ASCII, ma'aunin Amurka na 1963 da bai wuce alamomi 128 ba, babu ko baƙi ɗaya a cikinsa da ba na Ingilishi ba. Kowane yanki ya ƙirƙiri nasa jadawalin ƙari, amma baƙaƙe masu ƙugiya da rubutun boko ya ɗauka tun shekarun 1930 ba su sami gurbi a jadawalin DOS ko na Windows na Yammacin Turai ba. Unicode, da ta fito a 1991, ita ce ta ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobin dindindin. Sai dai nan ma hanya ta rabu. Windows NT ta ajiye suna da awo mai bayit biyu-biyu. Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8 a 1992, wadda ta dace da tsohuwar aƙidar Unix, kuma ita Linux ta bi, ko da yake har yau zuciyar Linux ba ta tilasta wa suna ya zama ingantaccen rubutu.

A UTF-8 baƙin ƙ bayit biyu ne. Idan manhaja ta karanta su da tsohon jadawalin Windows, kowane bayit sai ya zama baƙi mai zaman kansa, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Mai karanta Hausa a intanet ya san waɗannan tarkace. Idan abin ya faru a cikin rubutu, ido ne yake wahala. Idan ya faru a sunan fayil, manhaja takan ce fayil ɗin babu shi alhali yana nan. Tsarin ZIP bai sami alamar da ke nuna cewa sunayen ciki UTF-8 ne ba sai a 2006. Manhajar da ta zaɓi ta yanke ƙugiya don samun sauƙi kuwa, za ta mayar da baki da baƙi suna ɗaya, kare da ƙare suna ɗaya, na biyu ya hau kan na farko. Ita ma alamar ɗauri da ke cikin ma'aikata da jami'a da 'ya'ya, a wurin mai fassara umarnin Unix buɗe zance take nufi, don haka fayil mai suna Rahoton Ma'aikata yana ɗauke da tazara da alamar zance a lokaci guda, irin haɗin da ke karya manhajar da aka rubuta da sakaci.

Masu aiki da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi suna da tasu ƙarin matsalar. Unicode ta yarda a rubuta é ta hanya biyu, baƙi guda ko e da alama a biye. Tsarin HFS+ na Apple, na 1998, yana warware kowane suna zuwa hanya ta biyu, Windows da Linux kuwa suna ajiye abin da aka ba su, wanda galibi ta farko ce. Sunaye biyu da ido ba ya bambantawa sai su zama daban a wurin na'ura. Git ta ƙara wani zaɓi na musamman saboda wannan a 2012, Apple kuma ta sauya hali da tsarin APFS a 2017.

Bayan suna, akwai ɗabi'a

Ko an daidaita sunaye, tsare-tsaren ba sa nuna hali ɗaya. A Unix ana iya goge fayil yana buɗe, sunan ya ɓace, bayanan su saura har mai riƙe da shi ya saki. Windows a bisa al'ada takan ƙi, ta ce wata manhaja tana amfani da shi. A POSIX, canza wa fayil suna zuwa sunan da ke akwai yana maye gurbin tsohon a taki ɗaya, kuma a kan wannan aka gina dabarar adana aiki lafiya: a rubuta sabo a gefe, sannan a ɗora shi kan tsoho, ta yadda ko wuta ta ɗauke ba za a sami rabin fayil ba. Umarni mai wannan suna a Windows yakan ƙi idan sunan yana nan, shi ya sa yaren Python ya ƙara wani umarni dabam a 2012 don a sami hali ɗaya. Lokaci ma kowa da kalandarsa: Unix tana ƙirga daƙiƙu daga 1970, NTFS daga 1601, tsohuwar Mac daga 1904, FAT daga 1980 kuma da tsallen daƙiƙa biyu-biyu. Manhajar ajiyar kwafi da ke kwatanta lokuta tana iya ɗauka cewa fayil ya canza alhali ba a taɓa shi ba. FAT32 ta 1996, wadda har yau take kan filasha da katunan waya da yawa, ba ta karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, ko da akwai wuri.

Abin da aka koya

Yarukan zamani sun dawo kan tunanin Lisp, amma a sauƙaƙe. Beman Dawes ya fitar da Boost.Filesystem ga masu C++ a 2003, aka yi ta gyara ta da gogewar masu amfani, ta zama daftarin hukumar ISO a 2015, sannan ta shiga ƙa'idar C++17. Java ta sabunta nata tsarin a 2011, Python ta kawo pathlib a 2014. Darussan da suka haɗu a kansu kaɗan ne. Adireshi abu ne mai gaɓoɓi, a bar taskar yare ta haɗa shi, kada a liƙa kara da hannu. Sunan da aka samu daga babbar manhaja a riƙe shi yadda ya zo, a fassara shi zuwa rubutu don nuna wa mutum kawai. Kada a kwatanta baƙaƙen adireshi biyu don sanin ko fayil ɗaya suke nufi, a tambayi tsarin ajiya. Kada a tambaya ko fayil yana nan sannan a buɗe, domin abu na iya canzawa a tsakani, a gwada buɗewa a shirya wa gazawa. Sunan da manhaja za ta ƙirƙira da kanta ya tsaya cikin abin da kowa ya yarda da shi, wanda za ta karɓa daga mutane kuwa ta ɗauka zai iya zuwa da komai. Sannan a gwada aikin a kan kowace babbar manhaja tun daga farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana Microsoft ta juya karan, ko ta saki sunan CON. Amsar ita ce ɗimbin tsofaffin manhajoji da bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati suke dogara da su, waɗanda wasunsu ba wanda zai iya sake rubuta su. Kamfanin da ya karya su ya karya abin da ake biyansa kuɗi dominsa. Don haka sulhun yana tafiya ne ta ƙari, ba a cire komai. A 2016 Windows ta fara gudanar da manhajojin Linux a cikinta, a 2018 ta yarda a sa wa folda ɗaya-ɗaya dokar bambanta babba da ƙarami, a 2019 ta ba manhajoji damar magana da ita da UTF-8. A wannan shekara ta 2019 tsarin ext4 na Linux ya koyi akasin haka, wato rashin bambanta baƙaƙe a foldar da aka zaɓa, abin da ya taimaki wasannin da aka rubuta don Windows. Yanzu kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar foldoji biyu maƙwabta masu doka daban-daban, wanda ke nufin sanin sunan babbar manhaja bai isa maginin ya san dokar da zai tarar ba.

Ga mai Hausa da ke gina manhaja, ko yake sayen ta wa ma'aikatarsa, akwai gwaji mai sauƙi da ke tona yawancin waɗannan ramuka. A raɗa wa fayil suna mai ƙ da ɗ da tazara da alamar ɗauri, a adana shi a Windows, a matse shi cikin ZIP, a buɗe a Mac, a ɗora a kan na'urar Linux, a sauko da shi a waya. Idan ya dawo da sunansa cikakke, waɗanda suka rubuta manhajar sun san wannan tarihi. Idan ya dawo da Æ™ ko alamar tambaya, gara a gano haka tun kafin a damƙa mata takardun albashi ko bayanan marasa lafiya.